Kwamfutar da na haɗa a adakar Kaka

Da aka raba kayan ɗakin Kaka a gidanmu na Birni, ni adakarta ta faɗo wa: akwatin ƙarfe mai furanni ja da kore, makullinsa ya ɓace tun ban san kaina ba. A makon ne kayan kwamfutar da na yi saƙo daga Kano suka iso Damagaram, kuɗin kuma suka ƙare ban sayi gidan da zan zuba su ba. Ina zaune ina kallon adakar, sai na tashi na ɗauko abin awo.

Inna ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, adakar auren tsohuwar za ka huda?" Na ce baya da gefe kawai. Ta ce to, kada dai in taɓa mata furannin gaba.

Wuri bai zama matsala ba. Babban allon, wanda ake haɗa sauran kayan kwamfutar a kansa, ƙirar mini-ITX ne, santimita 17 kowane gefe, kuma ƙwaƙwalwar kwamfutar da na saya, Ryzen 5 5600G, tana fitar da hoto da kanta, ba sai da katin hoto ba. Sai dai allon ba ya kwanciya kan ƙarfe kai tsaye, domin ɗigon dalmar da ke ƙasansa na taɓa ƙarfen zai ƙone. Na ɗora shi kan ƙafafun tagulla huɗu masu tsayin kusan milimita 6. Na zana ramukan a kwali na kai wa wani mai walda a Sabon Gari, ashe a kife na miƙa masa. Ya yanka tagar wayoyi tsaf, amma a hagu maimakon dama. Ya dube ni ya ce, "Malam, abin da ka ba ni na yi." Gaskiyarsa. Wannan ramin shi ya koma mazaunin fanka daga baya.

Inda na sha wuya shi ne iska. Na kunna ta a watan Afrilu, zafin gari ya haura digiri 40, da fanka ɗaya tak mai fitar da iska. Murfi a buɗe, lafiya lau. Ina rufewa sai zafin ƙwaƙwalwar ya yi ta hawa har digiri 95, wanda shi ne iyakarta, daga nan ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. Fankar na ta ja, ba ta da inda za ta jawo. Na koma wajen mai walda aka buɗe ramuka biyu na milimita 120, fanka biyu suna shigar da iska, ɗaya tana fitarwa. Da gangan na sa mai shiga ta fi yawa, don iska ta riƙa fita ta tsagogin murfi, ba ƙura ta riƙa shiga ta nan ba.

Ƙurar ma sai da hunturu ya zo na san ta. Mako biyu, haƙoran abin sanyaya ƙwaƙwalwar sun toshe kamar an liƙa musu auduga. Gidan sauro na fara gwadawa don tare ƙurar, idonsa ya yi faɗi. Ƙyallen tatar koko ne ya yi, na manne shi da maganaɗisu a bakin fankokin, duk Juma'a in cire in wanke.

Akwai kuma ɗan jan wuta da nake ji in na taɓa murfin ba takalmi. Wayar wutar gidanmu ba ta da ta ƙasa, mai zubar da wutar da ta tsiyaya cikin ƙasa, ga adaka duk ƙarfe. Mai gyaran lantarki ya kafa sandar tagulla a tsakar gida ya haɗa, abin ya ɗauke. Da na sani, da shi zan fara.

Maɓallin kunnawa yana inda kwaɗon yake a da. Yanzu rigimata ɗaya da Inna: duk ta shigo share ɗaki sai ta lulluɓe adakar da zane, wai kada ta yi ƙura.