Ƙarfe Nawa Ka Auna?

Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa sayen randa ya san yadda ake yi: ta ƙwanƙwasa, ta kasa kunne. Lafiyayya ƙararta garau, mai tsagewa kuwa muryarta a dushe. Da wannan tunanin na shiga karatun auna girgizar gine-gine. Kowane gini yana da yawan kaɗawarsa a daƙiƙa, gwargwadon taurinsa da nauyinsa. In ya tsage, tauri ya ragu, kaɗawa ta sauka. Na ɗauka shi ke nan.

Wata rana na manna na'urorin auna girgiza a jikin wata ƙaramar gada, na buga da guduma, na kwashi lambobi. Da na kwatanta da na makon jiya sai na ga sun sauka. Da sauri na nufi ofishin malamina, har da murnata wai na gano ɓarna. Ya dubi takardar ya ce, "Ƙarfe nawa ka auna?" Awon farko da sanyin safiya na yi shi, na biyu bayan azahar, rana ta gasa kwalta har ta yi laushi, taurin gadar ya ragu. Ya ce in koma gobe da asuba. Na koma, lambobi suka dawo inda suke.

Don ya rage mini kunya, sai ya ba ni labarin gadar Z24 ta ƙasar Suwizalan. An yi kusan shekara ana auna ta kafin a rushe ta a 1998, har da lalata ta da gangan don gwaji. Lokacin ƙanƙara kwaltar da ke kanta takan sandare, kaɗawar gadar ta ƙaru, canjin ya fi na wasu lahanin da aka yi mata da hannu.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne gwajin gadar I-40 a Albukerki ta Amurka a 1993. An riƙa yanka ƙarfen da ke ɗauke da ita mataki-mataki, amma kaɗawar ba ta nuna wani abin kirki ba sai a yanka na ƙarshe. Ashe gada tana iya ciwo muryarta ba ta canja ba, abin da randa ba ta iya ɓoyewa.

Yanzu a littafin awona, lokaci da zafin jikin kankare nake fara rubutawa. Ba na kuma kwatanta awon hunturu da na bazara. In lambobi suka sauka, nakan ɗauki tocila in shiga ƙarƙashin gadar tukuna.