Daren da self ya hana ni barci

Jiya har ƙarfe biyu na dare ina fama da Python 3.11, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta. Ina da class na fitila (wato tsarin da ake ƙera object, kamar fitila guda, daga gare shi), da method guda, wato aikin da fitilar ke iya yi, mai suna saita(self, hali); self shi ne ita kanta fitilar da ake yi wa aikin. Don kada in maimaita rubutu, sai na sa kunna = partial(saita, hali=True) a cikin class ɗin; partial yana ba da sabon aiki wanda an riga an cike masa wani sashe, a nan hali=True. Ina kiran fitila.kunna(), sai saƙon kuskure na TypeError, wai babu self. Na duba, na sake dubawa, har shayina ya huce.

Ashe a Python 3.11 partial ba ya ɗaura kansa a jikin object, shi ya sa self ba ya isowa. Maganin yana nan cikin functools, kundin kayan aikin da partial yake ciki, tun Python 3.4: partialmethod, wato irin partial da aka yi domin method. Kalma ɗaya na canza, fitila ta kama. Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa. Alhamdulillah.