Mako bakwai ba kwamfuta, da abin da na tarar bayan ta dawo

Farkon Disamba ne, sanyin Jos ya fara cizo, aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare. Kwamfutata na jone a bango kai tsaye, babu sitabilaiza a tsakani, don a lokacin gani nake sayenta asarar kuɗi ce. Da asuba ƙaurin roba ya tashe ni. Mai gyara a wajen Terminus ya buɗe ta, ya ce babban allon ciki ya ƙone, sai an yo odar wani daga Ikeja. Kafin in haɗa kuɗi, kaya su iso, mako bakwai ya wuce.

Ni nake riƙe wa kawuna lissafi a kasuwar Farin Gada. Dankalin turawa yake sarowa daga Bokkos da Mangu, ya ba mata masu kasawa bashi, su sayar su kawo kuɗi. Wa ta ɗauki buhu nawa, wa ta biya rabi, duk yana cikin Excel, a kwamfuta ɗaya tak.

Ƙannena, ku riƙe wannan: ƙonewar allo ba ita ce ƙonewar ma'ajiyar bayanai ba. A yawancin kwamfutoci na hannu da muke saye, ana iya kwance ma'ajiyar, a saka ta a ɗan kwanso mai wayar USB, a jona a kwamfutar wani, ka kwashe aikinka. Ban tambaya ba. Lissafin mutane ya kwanta lafiya lau a kan kantar mai gyara, ni kuwa ina ta dafa kai a gida.

Amma babban laifina shi ne shirun da na yi. Ban zauna na gaya wa Kawu gaskiyar halin da ake ciki ba. Kullum sai in ce jibi za a gama. Tunda jibi ne, sai na ga ba amfanin buɗe littafi. Ina rubuta bashi a bayan kwalin sukari, a gefen rasit, wani ma a kaina nake ajiyewa. Takarda ɗaya ta tafi wanki a aljihun riga. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Wata dattijuwa da ta daɗe tana ciniki da mu ta zo da hantsi, ta sauke tirenta, ta fara kwance bakin zani inda take ƙulle kuɗi.

"Ɗana, nawa ya rage a kaina?"

Na rasa ta cewa. Ta tsaya da kuɗi a hannu, hannun duk ya tsattsage saboda hunturu, tana jira. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Don kwamfuta ta lalace, biron ma ya lalace ne?" Har yau in na tuna maganar nan sai jikina ya yi sanyi. Littafin rubutu irin na 'yan firamare ya isa ya rufa mini asiri tun ranar farko.

Sai batun imel. Kalmar sirrina Chrome ne ke tuna mini, ban taɓa haddace ta ba, ban kuma saka asusun a waya ba. Lambar da na bayar ta neman ceto tsohon layi ce da na yar tun da daɗewa. Na nemi aikin akawu a wata makaranta mai zaman kanta, na kuma san wasiƙunsu ɓangaren tarkace suke faɗawa. Gmail yana share abin da ke wannan ɓangaren bayan kwana 30. Sai daga bakin wanda muka nema tare na ji an kira mu ganawa, an yi, an gama. Tun kwamfutarka na da lafiya ka saka lambar da kake amfani da ita yanzu. In ka kunna tantancewa mai mataki biyu, Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10. Ka rubuta su a takarda ka adana inda kake adana takardun makaranta.

Da kwamfutar ta dawo ƙarshen Janairu kuma sai na sake yin wani kuskuren. Na kulle kaina a ɗaki kwana uku, wai ina cike giɓi. Windows ta kama sabunta kanta ta cinye data, ni kuma ina bin saƙonni daga sama zuwa ƙasa, sababbi kafin tsofaffi, ina amsa waɗanda ba su da gaggawa, ina leƙa Facebook a tsakani. A cikin kwanakin nan aka yi rasuwa a layinmu, gida huɗu tsakani. Sai ranar uku na je gaisuwa, na zauna a ƙarshen tabarma kaina a sunkuye.

Da zan sake, sabuntawar nan cikin dare zan bar ta ta yi abinta. Saƙonni kuma daga mafi daɗewa zan fara, in tsamo masu wa'adi da masu haƙƙin wani a ciki, sauran su jira. Kafin ma in taɓa komai, zan kwafe fayilolin aiki zuwa Google Drive, tunda kowane asusu na da gigabait 15 kyauta, fayil ɗin lissafinmu kuwa bai kai nauyin hoto ɗaya ba.

A rana ta huɗu Kawu ya aiko a kira ni. Muka baje kwalayen sukari da rasit a kan buhu, muka jera su bisa kwanan wata iya yadda za mu iya. Daga nan na ɗauki sabon littafi na bi matan ɗaya bayan ɗaya, ina ba da haƙuri, ina tambayar kowacce abin da ta sani a kanta. Kwana biyar na yi ina wannan zagaye. Buhu biyu sun ƙi fitowa ko ta ina, Kawu ya ce a bar su, ya yafe. Da na isa wurin dattijuwar nan, ta ƙirga mini nata da yatsu, ranar da ta ɗauka da ranar da ta kawo, har da wata dubu uku da ta ba yaron shago ban sani ba. Na rubuta, na karanta mata, ta ce haka ne, ta ci gaba da kasa dankalinta.