Hirar kwantom a saman bene

Jiya bayan isha'i muna shan shayi a saman bene nan Jidda, ɗan yayata mai karatun fiziks a jami'a ya ɗauko min zancen kwantom, wato ilimin yadda ƙwayoyin halitta mafi ƙanƙanta ke aiki, wallahi har yanzu abin na kaina. Wai ilektiron, ɗan ƙwayar nan mai ɗauke da lantarki, kafin a auna shi ba ka iya cewa ga takamaiman inda yake, lissafi yiwuwa kawai yake ba ka, nan ko can, kuma lissafin nan na aiki sosai don da shi aka fahimci transisto, ɗan makunnin lantarkin da ke cikin wayar hannuna. Amma me yake nufi? Nan fa masanan suka rabu. Bohr da mutanensa na Kofanhegan, babban birnin Denmak, suka ce kar ma ka tambayi inda yake kafin awo, Einstein ya ƙi yarda, tun taron masana fiziks na Solvay a 1927 suka yi ta ja-in-ja. Wani masanin, Bohm, a 1952 ya ce ilektiron yana da wurinsa, igiya ce ke masa jagora. Everett kuma a 1957 ya ce duk sakamakon na faruwa, duniya ce ke rarrabuwa.

Na ce yaro kai wanne ka ɗauka? Ya ce Kawu, manyan ma ba su daidaita ba. Ni dai zuciyata na wajen Bohm. Shayina har ya huce ban sha ba.