Na sa ƙofar gidanmu da hannuna

Gara ce ta cinye tsohuwar ƙofar katakon, damina ta ƙarasa ta, sai na auna wajen sama da tsakiya da ƙasa na kai wa mai walda ya haɗa min ta ƙarfe. Wallahi tsayar da firam ɗin ne aikin, ni da ƙanina muka fasa bango da kurfi inda ƙarafunan gefe za su shiga, muka tokare da katako, na ɗaura dutse a zare ina dubawa har ya miƙe sannan muka cika da siminti. Kar ka yi gaggawa, kwana 3 na bari ya kama ina yayyafa ruwa. Yanzu sakata na shiga sumul, ƙasan ma ba ya gogar daɓe.