Juma'a, daren da muka fara nuna wasan

Ƙarfe ɗaya saura na dare yanzu, ƙafafuna sun yi tsami amma barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tun abin yana da zafinsa a raina.

Yau muka buɗe ma jama'a ƙofa bayan sati bakwai muna rihazal. Ga wanda bai san zancen ba, tun watan Disamba nake cikin wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo a nan arewacin Shikago, irin waɗanda suke kama tsohon shago a bakin titi su fente shi baƙi su jera kujeru su mai da shi gidan wasa, garin nan cike yake da irinsu. Namu kujera sittin da 'yan kai ne, babu ko labule, fitila ake kashewa a kunna, kuma wanda ke layin gaba in ya miƙa ƙafa zai taɓa teburin cin abincin da muke wasa a kai. Wasan da muke yi shi ne A Raisin in the Sun na Lorraine Hansberry, ma'ana zabibin da aka bari a rana, daga wata waƙar Langston Hughes ta ɗauko sunan, inda yake tambayar me ke samun burin da aka yi ta jinkirtawa. Ni na fito a Joseph Asagai, ɗalibin Najeriya mai neman Beneatha, budurwar gidan da wasan yake ba da labarinsa.

Daga masallacin Juma'a a wajen titin Devon na wuce can kai tsaye, sanyi kamar zai cire kunnen mutum. Na tarar da darakta ita kaɗai tsaye a tsakiyar dandamali riƙe da tukunyar shukar da ke cikin wasan tana juya ta. An manta an bar ta jikin taga jiya da dare bayan an kashe hita, ganye biyu sun yi baƙi, sauran sun langaɓe. Na ce mata bari in ruga shago in sayo wata, ta ce a'a, ai haka marubuciyar ta so ta, shuka ce wadda ba ta samun isasshiyar rana amma ta ƙi mutuwa. Ta tsinke baƙaƙen ganyen ta zuba mata ruwa mai ɗumi kaɗan ta mai da ita mazauninta.

A ƙungiya irin tamu babu wanda yake aiki ɗaya. Ni ne Asagai, ni ne kuma ɗaya daga cikin masu kwasar kaya a ƙarshen wasan, in canza riga in sa hula in sunkuyar da kai, sannan ni ke share dandamali kafin a buɗe ƙofa. Doguwar kujerar da yaron nan Travis yake kwana a kai ma ni da mai kula da fitilu muka ɗauko ta a lungu inda wasu masu tashi suka yar, muka wanke muka rufa mata tsohon mayafi mai saƙar hannu a inda ta yage. Duk sanda na wuce ta sai in tuna falonmu na Zariya, inda ni da ƙanena muke shimfiɗa katifa da dare a naɗe da asuba.

Abin da ya ci mana lokaci da rana shi ne kayan da Asagai yake kawo ma Beneatha tsaraba. Mai kula da tufafi ta samo wani yadi mai kama da kente, da zuciya ɗaya, tun makon jiya na ce mata wannan na Gana ne, Asagai kuwa Bayarabe ne. Ni kaina sai da na sha yi musu bayani cewa Bahaushe ne ni, yaren da nake ji daban, harshen Asagai daban. Wani abokina ɗan Ibadan da muke aji ɗaya shi ya koya min yadda ake furta Alaiyo, sunan da Asagai yake kiran Beneatha da shi, ya yi ta turo min saƙon murya har bakina ya faɗa. Matarsa ce ta kawo mana zani da buba da gele ɗinta na gaske yau ƙarfe uku, ta tsaya ta ɗaura ma yarinyar da hannunta sau biyu tana nuna mata inda ake cusa bakin. Allah ya saka mata da alheri, ko tikiti ba ta yarda ta karɓa kyauta ba sai da ta biya.

Na yi magariba a ɗakin ajiya tsakanin gwangwanayen fenti, tun satin farko suka share min wurin ba tare da na roƙa ba. Ina sallamewa sai ga dattijuwar da take fitowa a Lena, uwar gidan a wasan, kowa Mama yake ce mata ko a wajen wasa, tsohuwar malamar makaranta ce ta haura saba'in. Iyayenta daga Misisifi suka hauro Shikago, ta girma a kudancin garin a irin gidan da ke cikin wasan sak, ɗaki biyu da ɗan kicin, banɗaki ɗaya a baranda da ake rabawa da maƙwabta. Ta kama hannuna duka biyu ta ce ɗana hannunka ya yi sanyi, tsoro ne? Na ce eh Mama, tsoro ne. Ta ce to ka riƙe shi, kar ka yar, ka shiga da shi.

Ita ce ta ɗauke ni a motarta wata Lahadi ta kai ni titin Rhodes ta nuna min gidan da mahaifin Hansberry ya saya a 1937 a unguwar da Turawa suka ƙulla yarjejeniya cewa ba za a sayar ma baƙar fata ba. Gidan jan bulo ne hawa uku, yana nan har yau. Marubuciyar tana yarinya ƙarama aka jefo musu dutse ta taga ya kusa samunta, mahaifiyarta ta riƙa kwana tana zagaya gidan da bindiga, shari'ar har Kotun Ƙoli ta kai a 1940. To daga nan wasan ya fito. An fara nuna shi a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, ran 11 ga Maris 1959, ita ce baƙar mace ta farko da aka sa wasanta a can, Sidney Poitier da Ruby Dee suna ciki, shekararta 28 lokacin, ta rasu a 1965 tana da 34 kacal. Mama ta ce yayarta ta ga fim ɗin da aka yi a 1961 ta dawo gida tana kuka ta ce an leƙo ɗakinsu.

Bakwai da rabi aka kashe fitila. Kujeru sun cika, har an ƙaro uku daga ofis.

Farkon wasan ƙwai ake soyawa na gaske a kan ɗan risho na lantarki, darakta ta dage a kan haka, kuma ta yi gaskiya, ƙamshin man nan yana tashi sai ɗakin gaba ɗaya ya zama gidan mutane. Ina tsaye a bayan katakon da muka yi bango da shi ina leƙe ta wata 'yar kafa. Labarin dai ba wani mai kwana-kwana ba ne, uba ya mutu bayan ya ƙarar da ƙarfinsa a aikin ƙarfi, ana jiran cakin inshora na dala 10,000, kowa a gidan ya riga ya kashe kuɗin a zuciyarsa. Ɗansa Walter direban wani attajiri ne yana so ya shiga kasuwancin shagon giya, ƙanwarsa Beneatha tana son karatun likita, uwar tana son gida mai ɗan fili da za ta yi shuka. Ta ba da kafin alƙalami na 3,500 a gida a unguwar Turawa, ta danƙa ma ɗanta 6,500 ɗin da suka rage ta ce ya ware 3,000 na karatun ƙanwarsa, shi kuwa ya kwashe duka ya ba abokinsa, abokin ya gudu da su.

Shigata ta farko ta tafi lafiya, an yi dariya inda ya kamata, ban manta layi ba, alhamdulillahi. Amma ba ita ce ta hana ni barci ba.

Wurin da Bobo, wani abokin nasa daban, yake shigowa da hularsa a hannu ya faɗa ma Walter cewa kuɗi sun tafi, sau nawa na gani a rihazal, ya fi ashirin, amma yau da mutane a ɗakin wani abu ne daban. Wata tsohuwa a layi na biyu ta ce ya Ubangiji da ƙarfi, wani ya ce a'a, a'a, kamar zai iya hana abin faruwa. Sai Mama ta tako a hankali ta tsaya a kan ɗanta yana durƙushe ta fara faɗin yadda ta ga mijinta yana ramewa yana tsufa tun bai kai arba'in ba saboda aiki, muryarta ba ta ɗaga sosai ba, karkarwa take yi. Wallahi a bayan katakon nan ba Shikago nake ba, ina tsakar gidanmu ne shekara uku da suka wuce.

Ban taɓa rubuta wannan a nan ba. Da Baba ya rasu sai da muka yi kusan shekara biyu ana bin haƙƙinsa na aiki kafin ya fito, aka raba gado yadda addini ya ce, sannan mu da kanmu muka amince a haɗa a ba Yaya ya juya, a cire na gyaran rufin gida da na makarantar jinyar ƙanwarmu. Yaya ya zuba duka a harkar hatsi da wani amininsa tun na ƙuruciya, mutumin da yake cin tuwo a gidanmu, Umma tana ce masa ɗana. Damina ɗaya aka neme shi aka rasa, waya a kashe, shago a rufe. Ranar da Yaya ya zo faɗa, a bakin ƙofar ɗakin Umma ya tsugunna ya cire hularsa yana murza ta. Umma ba ta ce komai ba sai innalillahi. Ni ne na yi magana, a gaban matarsa da 'ya'yansa, na faɗi abin da ƙane bai kamata ya faɗa ma wansa ba. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma sai da Sallah, a saƙo.

Ana gama wurin Bobo ɗin sai ga shigata ta biyu, kuma a nan ne Asagai yake tambayar Beneatha ko kuɗin nata ne, ko ita ta nemo su, yake nuna mata akwai abin dubawa a gidan da burin kowa ya rataya a kan mutuwar mutum ɗaya. Sati bakwai ina faɗin maganar nan kamar mai ba da darasi, darakta kullum tana ce min ka sassauta, ba lacca ka zo yi mata ba. Yau da na zo wurin sai maƙogwarona ya riƙe, na yi shiru na ɗan lokaci wanda ba ya cikin tsari, yarinyar ta zuba min ido tana jira, sannan maganar ta fito a hankali. Ni ma da kuɗin nan na sa rai zan biya wani ɓangare na tahowata nan, ban taɓa faɗa ma kowa ba, fushin da na yi ranar ba duka saboda ƙanwarmu ba ne.

Daga baya na koma bayan katako na sa rigar masu kwasar kaya ina jin Mama tana yi ma Beneatha faɗa don ta ce ba ta da sauran wa, tana ce mata ba lokacin da mutum ya yi daidai ake nuna masa so ba, sai lokacin da ya faɗi warwas ya kasa yarda da kansa. Umma ta faɗa min kusan haka a waya ba sau ɗaya ba, da nata kalmomin, tana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ina jinta ne kawai in ce to Umma.

Walter ya ƙi karɓar kuɗin Baturen da ya zo saye su don kar su tare a unguwar, a gaban ɗansa, ɗakin ya yi tsit har ana jin ƙarar hita. Muka kwashe kaya, Mama ta fita, ta dawo ta ɗauki shukarta, fitila ta mutu. Mutane suka miƙe tsaye. Tsohuwar layi na biyu ba ta tashi ba har aka watse, jikanta yana tsaye riƙe da kwat ɗinta yana jira.

Bayan an tafi muka wanke kwanuka muka mai da kaya wurinsu, darakta ta same ni wajen tsintsiya ta ce shirun nan da ka yi, ka bar shi a ciki. Na ce mata ban san ko zai sake zuwa ba. An yi ta maganar a je a ci abinci tare, na ba su haƙuri.

Sha ɗaya da 'yan mintuna ina tsaye a tashar jirgin Red Line ƙarƙashin fitilun nan masu ɗumama mutane, na lissafa, awa bakwai ne tsakaninmu, shida ta wuce a Zariya, Yaya ya dawo daga masallaci ke nan. Na cire safar hannu na danna. Bugu biyu ya ɗauka.

Ya ce lafiya dai ko? Muryarsa a tsorace, don ya san ba na kira.

Na ce lafiya lau Yaya, gaishe ka na kira in yi. Ya yi shiru, ina jin zakara da ƙarar bokiti a bayansa. Sannan ya ce to madalla, ya sanyi, an ce ƙanƙara ake zubo muku. Na ce ana fama. Ya ce min gwiwar Umma ta yi sauƙi, babbar 'yarsa ta shiga aji uku na sakandare, ya samu ya canza kwano shida a rufin ɗakin Umma saura na zaure kafin ruwa ya sauka. Na ce a bar min na zauren. Ya ce a'a. Na ce Yaya don Allah. Ya ce to, Allah ya yi albarka. Jirgi ɗaya ya zo ya wuce ban shiga ba. Haƙurin da na shirya bayarwa bai fito ba, na ce masa dai zan sake kira ran Lahadi akwai maganar da nake so mu yi, ya ce yana nan, in kira bayan la'asar ɗinsu.

Gobe sau biyu za mu yi, ƙarfe biyu da bakwai da rabi, kuma ƙwai ya ƙare, ni aka ce in sayo da safe.