Baiti ɗayan da ya cinye mini dare biyu

Ƙannena masu koyon kwamfuta, ku matso ku ji wautar da na tafka. Shekarun baya, a wani shago wajen Ƙofar Ƙaura, na ɗora Hercules a laftof ɗina, manhajar nan da ke kwaikwayon manyan injinan IBM, na shiga koyon asembila, yaren rubuta umarnin inji ɗaya bayan ɗaya. Umarnin da na fi rainawa shi ne MVC, mai kwashe bayani daga wani gurbi na ma'adana zuwa wani. Na ce ai kwafi ne kawai.

Ashe gurbin tsawonsa bit 8 ne, yana kwasar baiti 1 zuwa 256, saboda haka kullum ɗaya ake ragewa kafin a rubuta tsawon. In ka rubuta kai tsaye, manhajar asembila ke rage maka. Ni kuwa na bi ta EX, umarnin da ke aiwatar da wani umarnin, na zubo tsawon daga rajista, ɗan gurbin ajiya na cikin injin, ban rage komai ba. Baiti guda ya ƙetare iyaka ya taka lambar maƙwabcinsa. Dare biyu ina zargin laftof, har mai janareta sai da ya sha harara.

Da na warke daga wannan sai na koyi dabarar share layi: ka sa X'40', lambar fanko (space), a gurbin farko, ka yi MVC daga nan zuwa gurbi na gaba, sai fanko ya bi layin har ƙarshe. Yana yiwuwa ne domin tun injinan IBM System/360 na 1964 ƙa'idar ita ce sakamako ya fito tamkar baiti-baiti aka kwasa, daga hagu zuwa dama. Ku riƙe kalmar "tamkar". A cikin injinan System/360, Model 30 baiti ɗaya hanyarsa ke ɗauka, maikurokod, wato ƙananan umarnin da ke can cikin injin, ke juya shi. Model 65 takwas yake ɗebowa daga ma'adana a tashi guda. Sakamakon dai ɗaya.

Ganin na iya, sai na maye gurbin MVC da MVCL, wanda ya zo da System/370, wai babban yaya ne. Shi ba ya yarda da irin wannan hawan juna: ya ajiye mini lambar yanayi 3 (lambar da umarni ke bari don a san yadda ya ƙare), bai motsa ko baiti ɗaya ba. Ban duba ba, don ban san ana dubawa ba.

Kada kuma ku auna gudu a Hercules ku ce kun gano cikin injin. Na yi, har na yi wa abokai lacca a majalisa. Gudun laftof ɗina na auna. A injinan zamani milikod, wani shirin cikin injin kansa, ke tafiyar da MVCL. Kafin ku taɓa kowane umarni, ku buɗe shafinsa a Principles of Operation, littafin IBM mai bayanin umarnin injin, ku karanta har sakin layin da ke maganar gurabe masu hawan juna.